Wuƙar da Ba Kyari Ya Zaɓa Mini

Kun daɗe kuna yi mini dariya a kan wuƙar aljihuna, ni kuma na daɗe ina ƙyale ku, domin mutumin da ya tsaya a aji huɗu na firamare, na huɗun ma rabinsa ta taga ya yi shi, bai kamata ya ja da masu digiri ba. Auwalu ya taɓa kawo mini wata daga Abuja mai baki barkatai: ga almakashi, ga abin buɗe kwalba, ga wani ɗan tsinke da har yau ban gane ko na sakace ne ko na susar kunne ba. Na karɓa, na sa albarka, na miƙa wa uwarku tana yankan farce da ita. To yau zan gaya muku yadda ake zaɓen wuƙa, da wanda ya koya mini, da abin da ya biyo baya a wata bazara da uwarku ba ta so a tuna. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara a zuciyarsa, kada ya kira ni a waya.

Kun san sana'ata buhu ce da igiya a Kasuwar Kwastam, kuma mai igiya ba ya rabuwa da wuƙa. Da can doguwa nake ratayawa, mai kube, wadda babana ya zo da ita daga Kano. Sai aka shiga shekarun nan da ake ɗaga riga a kowane shinge, mutum ya tafi da hannuwa sama kamar mai ɗaukar tulu biyu. A lokacin ko allura ka ɗauko sai ka yi bayani. Na ajiye ta gado a gida, na koma yanka igiya da reza, yatsuna duk suka zama zane-zane. Da gari ya lafa, na ce ba zan koma wa doguwar ba, 'yar ƙarama mai naɗewa nake so, wadda za ta kwanta a aljihu ba ta tsorata kowa ba. Kuskuren da na yi shi ne na faɗi haka a gaban Ba Kyari.

Manyanku sun san shi, ƙananan kuwa sai dai labari. Babarbare ne ɗan unguwar Shehuri, mai wankin hula, rumfarsa tana kallon shagona. Dogo ne siriri, ƙamshin turarensa yana riga shi shiga wuri. Shekara ashirin muna cin abincin rana a kwano ɗaya bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Afuno, wato Bahaushe a bakinsu. Ban da hula yana da wani aikin da ba a biyansa: in aka yi rasuwa a Shehuri da kewaye, shi ake kira ya wanke mamaci. Nakan ce masa kai dai komai wankewa, na kai da mai kan gaba ɗaya.

"Afuno," ya ce, "kai kaɗai za ka je sayen wuƙa? Za ka dawo mana da cokali."

Muka tafi wurin wani mai shimfiɗa a bakin kasuwa, da kwaɗuna da tocila da wuƙaƙe a kan buhu. Ni hannuna ya tafi kan wata mai ƙyalli da hoton damisa. Ba Kyari ya buge mini hannu kamar yaro, ya tsuguna, ya tattara rigarsa, ya fara aiki. Kowace ya ɗauka sai ya kai ta kunne ya buɗe. Ya ce wuƙar kirki sau ɗaya take magana, ƙas, ta yi shiru. Wadda ta buɗe ba ta ce komai ba, wata rana za ta rufe a kan yatsanka ba ta ce komai ba. Sai ya kama ruwan wuƙar da yatsa biyu ya girgiza gefe da gefe, wadda ta yi motsi kamar haƙorin tsoho ya jefar. Ya danna bayanta a jikin katako ya ga ko za ta naɗe da kanta. Ya hura mata numfashi ya tsaya yana kallon yadda hucin yake gushewa, wai ƙarfe mai kyau ba ya riƙe huci. Wannan dai ban san ko ilimi ne ko burga ba, amma mai kayan ya gyara zama. Gwajin kaifi kuwa a gashin hannuna aka yi shi, ba nasa ba. Sannan ya rufe kowace ya bi bakinta da babban yatsa, ya ce in tsinin ya leƙo ko kaɗan, aljihu zai ci, daga aljihu ya wuce cinya. Tsawo kuma kada ta fi tafin hannunka in ta naɗe.

"Baba, sayen wuƙa kuka zo ko neman aure?" in ji mai kayan.

"Aure ai ana saki," in ji Ba Kyari. "Kawo waccan ta ƙasan."

Daga ƙarshe biyu suka rage. Ɗaya marar nauyi, mai jan mariƙi, ta yanke igiyata a ja ɗaya. Ɗayar baƙa ce, mai ƙusoshin tagulla uku, ita ma ja ɗaya, sai dai nauyi kamar an cika ta da dalma. Na ce jar nake so. Bai kula ni ba. Ya naɗe baƙar, ya ɗora ta a bayan hannunsa, ya rufe ido. Ya daɗe a haka, har na ji wani iri, domin fuskarsa ta koma irin wadda yake fitowa da ita daga gidan rasuwa.

"Wannan," ya ce.

"Za ta tsinke mini aljihu, Ba Kyari."

"Sai ka sa tela ya ƙara ɗinki. Nauyin ake so."

Na saya. Kuma gaskiya wuƙa ce. Igiyar roba, igiyar rama, bakin buhu, rake, kankana, goro, ba abin da ta yi wa gardama. Sau ɗaya a mako nake goga ta a dutse, in ɗiga mata man keken ɗinki a gaɓa. Na ɗaura mata shuɗin zare a 'yar ƙofar gindinta don in riƙa jawo ta. Wata uku ina yabon Ba Kyari a zuci, ban faɗa masa ba don kada kansa ya fi hulunan da yake wankewa girma.

Sai bazara ta shigo, irin wadda garin nan namu na Yerwa yakan yi in ya ga dama: ba wuta, ba iska, kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai, ganyen darbejiya ya tsaya cik kamar an zana shi. Wata rana da hantsi aka zo kiran Ba Kyari. Ya wanke hannu, ya tsallako ya miƙo mini tafi.

"Afuno, ba ni wuƙa."

Na ɗauka likkafani zai yanka. Da la'asar ya dawo da ita a naɗe cikin ƙyalle, na tambaye shi, sai ya ba ni amsa kamar mai faɗin farashin gero. Ku 'yan asibiti ba ku san wannan ba, don haka ku saurara. In mutum ya cika a lokacin zafi kuma akwai wanda ake jira kafin a kai shi, akan ɗora masa ƙarfe a ciki don kada ya kumbura. Wasu kwaɗo suke ɗorawa, wasu ruwan fartanya, mafi yawa wuƙar kicin. Ba Kyari ya ce kwaɗo gangarowa yake yi, fartanya ba mutunci, ta kicin kuma warin albasa take, ga kaifi a buɗe a kan mutum, kuma in an gama matan gida ba sa ƙara taɓa ta. Shekaru yana neman ƙarfe mai nauyi daidai, mai lafewa, mai rufaffen baki.

"Wato da kuɗina ka saya wa matattunka wuƙa?"

"Kai kana aiki da ita a tsaye, su a kwance. Me ya ragu a jikinta?"

Ba abin da ya ragu. Sai dai da na mayar da ita aljihu na ji sanyinta a cinyata, a ranar da ko kwabo ka ajiye a inuwa sai ya yi ɗumi. Har na isa gida a unguwarmu ta Dala sanyin bai tafi ba. Na ce ƙila a randa ya wanke ta.

Daga nan abin ya zama jiki. A zo kiransa, ya miƙo hannu, in ba shi, ya dawo da ita da sanyinta. Na tambayi limaminmu, ya ce ƙarfe nauyi ne kawai, ba ya jawo komai ba ya korar komai, ladan aro kuma ina samu. Na ji daɗin zancen ladan, domin ba ni da shi da yawa. Abin da ya ɓata lissafin shi ne ranar da Ba Kyari ya karɓi wuƙar ba wanda ya zo kiransa. Ya je dubiyar wani tela ne da safe, ya dawo ya miƙo hannu. Na ce ashe telan ya cika? Ya ce a'a, ya bar shi yana shan kunu. Kafin la'asar aka yi kiran. Bayan mako biyu ya sake, wannan karon wani mai sayar da itace ne da zazzaɓin kwana biyu kawai. Shi ma bai kai magariba ba.

Kasuwa kuwa ba ta ɓoye magana. Na yanka kankana na ce bismillah, kowa ya ce yana azumi, ranar Talata. In mai saye ya cika ciniki, na zaro wuƙa don in yanka masa igiya, sai ya ce a bar shi haka, ya ɗauki ƙullin gaba ɗaya. Uwarku ta kafa doka a gida.

"Malam, wannan abar ba za ta kwana ɗakina ba. Ka rataye ta a zaure."

"Hajara, wuƙa ce fa, ba mayya ba."

"To ta kwana a zauren, in ba mayya ba ce me zai same ta?"

Ina yi mata dariya, amma ni kaina na fara lura da hannun Ba Kyari fiye da fuskarsa. In ya taso daga rumfarsa ya nufo ni, sai in kafa wa hannun ido har sai na ga goro ya zo nema. Na fara ƙirga tsofaffin da na sani a Shehuri. A raina na gama yanke hukunci, ko da liman zai yi fushi: duk wanda aka karɓi wuƙar nan da sunansa, ba ya kwana.

Ranar da nake so in ba ku labari Laraba ce, rana tsaka, lokacin da kasuwa take mutuwa. Masu shaguna sun miƙe a kan benci, ko ƙuda ba ya tashi. Na ɗaga kai na ga rumfar Ba Kyari wani iri. Guntayen itacen nan da yake kifa huluna a kai suna jere a rana, duk babu hula ko ɗaya, kamar kawunan mutanen da aka yi wa aski aka binne su zuwa wuya. Ashe tun safe yake aika wa kowa da tasa. Sai ga shi ya tsallako cikin farar riga ta Juma'a, da sabuwar hula, lafiyarsa ƙalau, har ya fi ni ƙarfin tafiya. Ya zauna a kan buhunana, muka ci shinkafa da wake, ya cinye rabona na kifi kamar kullum. Ya wanke hannu. Ya miƙo tafi.

"Afuno, ba ni wuƙa."

"Yau kuma wa za ka kashe mana?"

Bai yi dariya ba. Ya sa ɗaya hannun ya shafa rigarsa a kan ciki, a hankali, kamar yadda yake lallashin hula in ya sa mata sitaci. Na ture kwanon gefe.

"Kai, bar wannan wasan," na ce. "Mutumin da ya cinye kifi biyu yanzu?"

"Na wanke mutane da yawa," ya ce. "Na san abin da zafin nan yake yi wa mutum cikin awa uku. Babban ɗana yana Damaturu, zai ce a jira shi, kuma za a jira. Ba na so ya zo ya ga abin da ba ubansa ba. Ba na so matata Falmata ta rasa abin yi ta ɗora mini wuƙar albasa. Kowa ni na yi masa. Ni wa zai yi mini?"

"Ba zan bayar ba."

"Garba," ya ce. Ran nan na san ashe ya san sunana. "Wuƙa ba ta kiran kowa. Ni ne nake gani. Ita nauyi kawai gare ta."

Ku 'ya'yana, ku fahimci lissafin jahili. Na ce a raina, sau biyu ya karɓa kafin lokaci, sau biyu an mutu. In na hana, ƙila abin ya rasa hanyar shigowa. Ina ganin ran abokina ne a aljihuna, kuma ba zan miƙa shi da hannuna ba ko zai yi fushi shekara. Akwai akwatin ƙarfe a shagon da nake ajiye basilla da takardun shago. A gabansa na zaro wuƙar, na jefa ciki, na rufe, na danna kwaɗo, na sa makulli a aljihu. Har na ƙara da baƙar magana don in ƙarfafa kaina.

"In mutuwar kake marmari, je ka nemi fartanya. Gobe ka zo da kifinka, na gaji da ciyar da Barebari."

Ya dubi akwatin, ya dube ni. Bai yi fushi ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce Allah ya ba mu alheri. Na bi shi da kallo yana tafiya a tsakiyar rana ba ya neman inuwa, farar rigar tana ɗaukar ido, har ya sha kwana. Na rufe shago da wuri na koma gida aljihu ba nauyi. Uwarku ta tambayi ina mayyar, na ce na ba ta hutu.

Washegari da hantsi, ina shirin fita, waya ta yi ƙara. Maƙwabcinsa ne. Ya ce Ba Kyari ya dawo daga masallaci da asuba, ya sha shayi, ya ce zai ɗan miƙe. Shi ke nan. An kira ɗansa, yana hanya, sai bayan la'asar za a kai shi.

Ban san yadda na shiga keke ba. Abu ɗaya ne yake yawo a kaina: na hana shi, kuma bai hana komai ba. Ga rana ta fara dukan kwano, ga awa shida a gaba, ga wuƙa a kulle a kasuwa. Shehuri ce a kan hanya kafin kasuwar, na ce bari in leƙa in gan shi, in wuce in ɗauko ta da gudu, ko ba komai in cika masa abin da ya roƙa a makare. Mutane sun cika ƙofar gida a kan tabarmi. Da suka gan ni suka buɗe mini hanya, wani tsoho har ya kama hannuna da hannu biyu yana ta wushe, wushe, wato sannu a bakinsu. Aka shigar da ni ɗakin. Yana kwance an rufe shi da farin zane, dogo kamar yadda yake, ɗakin duk ƙamshin turarensa. A tsakiyar zanen, daidai ciki, akwai ɗan tudu.

Matarsa Ya Falmata tana bayan labule, muryarta ta dushe.

"Malam Garba, Allah ya saka maka. Jiya ya shigo da ita ya ba ni ajiya, ya nuna mini inda zan ɗora. Ya ce yana tambayarka ka ba shi, ko musu ba ka yi masa ba. Ya ce Afuno ɗan'uwa ne."

Na tsuguna na ɗaga gefen zanen. Baƙa ce, ƙusoshin tagulla uku, shuɗin zaren da na ɗaura da hannuna, har da ɗan tabon da ta yi ranar da ta faɗi a kan siminti. Na taɓa aljihuna. Makullin yana nan. Ya kamata a lokacin in buɗe baki in ce, Ya Falmata, ba haka aka yi ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne amin.

Ɗansa ya iso bayan la'asar ya ga ubansa kamar mai barci, cikin nan a lafe. Aka kai shi. A bakin maƙabarta aka miƙo mini wuƙar a cikin ƙyalle, na sa a aljihu, sanyinta ya ratsa ni har ƙashi. Washegari na buɗe shago, akwatin yana inda yake, kwaɗon a danne, da ƙurar jiya a kansa. Na zaro makulli, na tsaya. Na yi tunani irin na mai aji huɗu: in na buɗe na tarar babu komai, to yaya aka yi ta fita? In kuma na buɗe na tarar tana ciki, to mece ce wannan da take aljihuna? Na mayar da makullin. Na sayi sababbin basilla, takardun shago kuma na ce sun ɓata.

Uwarku, da na gaya mata bayan shekara, cewa ta yi ƙila Ba Kyari ya koma wurin mai shimfiɗar ya sayi irinta ya ɗaura zare. Na ce tabon fa? Ta ce to buɗe mana ka huta. Ban buɗe ba. Da na bar kasuwa na ɗauko akwatin a keke na kawo gida. Shi ne wanda yake zaure, wanda kuke zama a kai kuna ɗaura takalmi in kun zo hutu.

Har yau in na bi ta Shehuri akwai masu nuna ni, wai ga Bahaushen da ya ba amininsa wuƙa da hannunsa, ya taya shi shiri. Ku ma da wannan labarin kuka girma, na ji Sadiya tana ba 'ya'yanta. To ku gyara. Ban ba shi ba. Ya roƙe ni da sunana, na kulle ta a gaban idonsa na bi shi da baƙar magana, shi kuma ya tafi gida ya ce wa matarsa na ba shi. Abin da ya yi da yammacinsa na ƙarshe ke nan, ya wanke ni kamar yadda ya wanke sauran.

Makullin yana cikin aljihun rigata ta Idi. Muddin ina numfashi kada wanda ya taɓa shi. Bayan nan ku yi yadda kuka ga dama, ku ne masu ilimi. Sai dai duk abin da kuka gani a ciki, in kun zo ziyara ku yi mini addu'a ku tafi, kada wanda ya tsaya ba ni labari.